Allo Biyar da Aka Yi wa Ƙage

A ƙarƙashin matakalar wani bene mai hawa uku akwai shagon da idan mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya tsaya a ƙofa ya miƙo gaisuwa. Nan ne wurin Injiniya, mai gyaran kwamfuta. Bai taɓa zama a ajin injiniyoyi ba, kuma shi da bakinsa yake gaya wa duk wanda ya tambaya, amma sunan ya manne masa shekara talatin da ɗoriya, har matarsa ma idan tana son tsokanarsa da shi take kiransa. Gajere ne, mai ɗan tumbi, kullum da sukudireba a aljihun gaba, wadda ta huda masa riguna ba adadi. Da mutane yana da haƙuri. Kebul ne idan ya harɗe masa yake zagi kamar mai jin magana.

Da rediyo ya fara, a gaban mahaifinsa. Daga nan ya koma talabijin masu ƙatuwar ƙeyar nan. Shigarsa harkar kwamfuta kuwa dako ne ya jawo ta. Wani ofis ne ya tashi daga hawan ƙasa zuwa na sama, aka nemi majiya ƙarfi su kwashi kaya, shi kuma a lokacin aikin talabijin ya ja baya, sai ya shiga sahu. Da aka gama jera kwamfutoci a sama aka kunna, guda huɗu suka ƙi nuna komai. Manya suka taru suna ta danne-danne, kowa da tasa shawarar. Shi kuwa yana tsugune yana sharce gumi, sai ya lura cewa a bayan kowane akwati rami biyu ne masu kama da juna, kuma waɗanda suka ƙi ɗin duk a ramin sama aka cusa musu kebul. Ya nemi izini, ya mayar da su ramin ƙasa, hoto ya fito. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ofishin nan, shi ake ƙwala wa kira duk sanda allo ya yi baƙi. Da ya gaji da hawa da sauka sai ya buɗe nasa wurin a ƙarƙashin matakala, inda yanzu wasu ne ke hawa da saukar a kansa.

Gyara iri-iri yake yi, amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne kwamfutar da ta tashi ta ƙi nuna fuska. Mai ita zai shigo rungume da akwati kamar mai kai mara lafiya asibiti, yana cewa ta mutu. Injiniya zai ce, "Wa ya gaya maka? Ajiye ta nan." Sai ya jona, ya danna, ya karkata kai yana saurare. Fanka ta juya? Ta yi ɗan kukan nan guda ɗaya? Fitilar kibod ta kama? Farin rubutu ya gudana a allo kafin duhun ya zo, ko tun farko babu komai? Kowace amsa tana nuna masa inda tafiyar ta tsaya. Idan har rubutu ya fito sannan ya ɗauke, to kwamfutar tana raye, tana can ciki tana jira, ɓangaren da ke zana hoto ne kawai ya kasa tashi. Sai ya danna maɓalli uku tare, allon ya koma na rubutu zalla, ya shiga ya buɗe bayanin da kwamfuta ke rubuta wa kanta duk sanda ta tashi: na nemi kaza na samu, na nemi kaza ban samu ba. Ɗaruruwan layuka ne, ƙanana, farare a kan baƙi, kuma Injiniya yakan karanta su da nishaɗi kamar wasiƙar gida.

Yakan tambayi mai kaya, "Me ka canza?" A shekara talatin bai taɓa samun wanda ya amsa laifi a tambayar farko ba. Kowa cewa yake jiya lafiya lau ya kashe ta. Sai a tambaya ta uku ake tunawa cewa, af, an ɗan sabunta wani abu, ko an ɗan buɗe an hure ƙura. Sannan ba ya canza abu biyu a lokaci guda. Kebul tukuna, idan ba shi ba ne a mayar da shi a gwada wani allon, idan ba shi ba ne a duba katin hoto, wato ɓangaren nan mai zana hoto a allo. Babbar dokarsa kuwa, wadda ko a mafarki ba ya karyawa, ita ce ba a gogewa. Akwai masu gyara a hawa na biyu waɗanda duk abin da aka kawo musu maganinsu ɗaya ne, su share komai su zuba sabo. Kwamfuta za ta tashi fes, amma hotunan mutum da takardunsa sun tafi ke nan. Injiniya yana kiransu 'yan wanki. Suna gaishe shi da ladabi duk safiya, shi ma yana amsawa da fara'a, amma dai 'yan wanki ne.

To, a shekarar da ta gabata sai allunan duniya suka fara dushewa.

Da na kan teburinsa aka fara, wanda ya shekara takwas yana gwaji da shi. Ya ƙure masa haske, rubutun ya ci gaba da zama kamar an shafa masa mai. Ya yanke hukunci cewa fitilar cikinsa ta tsufa, ya yagi farin salatif ya rubuta "ya dushe," ya manna masa a goshi ya kai shi lungu. Ya ɗauko wani. Bayan wata biyu shi ma ya samu nasa salatif ɗin. Kafin shekara ta zagayo alluna biyar ne a lungun, fuskokinsu ga bango kamar ɗaliban da aka hukunta, kuma Injiniya ya samu sabon abin mita: kamfanonin yanzu ba sa tsoron Allah, kayansu ba su da ƙarko. A gida ma haka. Sau uku ya sauya ƙwan fitilar falo, kowane ya fi na baya ƙarfi, har jikoki idan sun zo sai su shigo suna kare ido da hannu.

Matarsa, wadda yake kira Maman yara duk da cewa autan ya yi gemu, tela ce, a gida take ɗinki. Mace ce da ke zura zare a allura ba tare da ta katse magana ba. Ta ga ranar da ya zuba shayi a gefen kofi. Ta ga ya daina karanta saƙon waya, sai ya miƙa mata ya ce hannunsa da mai. Sau ɗaya ta ce, "Baban yara, ko za mu je a duba idon nan?" Ya ce idonsa ƙalau, wa ya kai mata ƙarar idonsa? Kwana biyu ya yi yana cin abincinta ba ko sannu. Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba, amma ta kwashe ƙananan kujeru daga hanyar da yake bi.

Gaskiyar magana, ya sani. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bin laifi mataki-mataki har ya kama shi ba zai rasa sanin cewa alluna biyar ba sa haɗa baki ba. Tsoro ne kawai. Mahaifinsa ido ne ya raba shi da sana'a. Injiniya yana tuna shi zaune a ƙofar gida, hannuwa a kan gwiwa, yana jin rediyon maƙwabta tana shaƙewa, ya san abin da ke damunta, babu kuma wanda zai kawo masa. Shekara tara ya yi a haka. Sai Injiniya ya ƙudura a ransa cewa muddin bai je an faɗa masa ba, abin bai tabbata ba. Idan kuma labari ya fita cewa mai gyaran allo ba ya ganin allo, wa zai sake kawo akwatinsa ƙarƙashin matakala? Don haka ya dinga lallaɓawa. Kebul da rami hannunsa ya san su, kibod yatsunsa sun haddace. Aikin da ke buƙatar karatu kuwa sai ya ce wa mai shi aiki ya yi masa yawa.

Wanda ba zai iya ce wa haka ba shi ne Mai Hoto. Ɗakin ɗaukar hotonsa yana tsallaken titi, kuma abokai ne tun suna da gashin kai. Dogo ne siriri, mai surutu, bai taɓa shiga shagon Injiniya bai buga kai a matakala ba. Wata safiyar Talata ya shigo da akwati a kafaɗa, ya buga kan, ya yi salati, ya dire.

"Injiniya, ta mutu."

"Wa ya gaya maka? Me ka canza?"

"Ni? Ban taɓa komai ba. Jiya lafiya lau na kashe ta."

"Me ka canza?"

"Kai, ko ƙura ban hure ba."

Injiniya ya shafa bayan akwatin da tafin hannu. Noti ɗaya babu, wani kuma a karkace yake. Ya ce, "Me ka canza, dogon banza?"

Mai Hoto ya sosa ƙeya. "To, ɗan katin hoton nan ne. Tsohon yana ta ƙara kamar injin niƙa, sai na samo wani na sa. Ai cirewa ne da sakawa, na ga kana yi."

"Ka ga ina yi. Ni ma na ga kana ɗaukar hoto, gobe sai in zo in karɓi shagonka."

Mai Hoto ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya ce hotunan yaye ɗaliban wata makaranta ne a ciki, yara ɗari biyu, mako biyu yana gyara su ɗaya bayan ɗaya, kuma gobe da safe za a zo karɓa. Ban da su akwai aikin shekara goma sha biyu, babu shi a ko'ina sai a cikin akwatin nan. Ya ce, "Shi ya sa ban hau sama ba. Na san kai ba ka gogewa."

Injiniya ya jona, ya kunna allon teburinsa. Mai Hoto ya ja da baya yana ƙifta ido. "Kai, wannan haske haka! Rage shi mana, ai sai ya kashe wa mutum ido."

"Dushewa yake yi. Shi ma na kusa kai shi lungu."

Mai Hoto ya dubi allon, ya dubi abokinsa, ya dubi biyar ɗin da ke fuskantar bango. Sannan ya ce zai dawo bayan la'asar, ya sunkuya ya fita.

Injiniya ya fara yadda ya saba. Fanka ta juya, kukan nan guda ɗaya ya zo, fitilar kibod ta kama. Wani farin abu ya gudana a allon, sannan duhu, sai wani ɗan ɗigo a kusurwar sama yana ƙiftawa. Alhamdu lillahi, tana raye. Ya canza kebul, duhu. Ya mayar da shi ya gwada wani allon, duhu. Ya buɗe akwatin ya danna sabon katin da babban yatsa, ya zauna daram a wurinsa, dogon banza dai bai yi ɓarna a nan ba. Saura abu ɗaya, kuma tun safe ya san nan za a zo. Ya danna maɓalli uku, ya shigar da kalmar sirrin da shi ne ya sa wa Mai Hoto ita tun asali, ya buɗe bayanin tashi.

Layukan suka cika allo. Ya san suna nan, ya san a cikinsu akwai guda ɗaya da ke faɗin laifin ƙarara, amma abin da yake gani farin hayaƙi ne jere-jere. Ya matsa har hancinsa ya taɓa gilashin. Ya ɗauko madubin ƙara girma, haruffan suka ƙara girma, dishi-dishin ma ya ƙara girma tare da su. Ya ɗauki hoton allon da waya ya buɗa shi da yatsu biyu, duk ɗaya. Ya rufe idon dama ya gwada na hagu, ya rufe na hagu ya gwada na dama. Awa biyu ya yi a haka, idanu na zubar da ruwa, wuya ya ƙage.

A cikin durowar teburin akwai filashi guda da yake zuba wa sababbin kwamfutoci tsari da shi, waɗanda babu komai a cikinsu. Aikin ba ya buƙatar ido. Ya san inda ake dannawa, sau nawa, da tsawon jiran da ke tsakani. Cikin rabin awa allon Mai Hoto zai fito fes. Ya so ya kwafe hotunan tukuna, amma kwafar ma sai an karanta, kuma harafi ɗaya idan ya kuskure ɓarnar za ta fi haka. Zuciyarsa ta raya masa cewa zai iya ce wa Mai Hoto ma'ajiyar ce ta lalace tun kafin a kawo, wa zai musa wa Injiniya? Ya jawo durowar. Ya juya filashin a hannu, ya laluba rami a gaban akwatin, ya cusa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, amma bai cire ba.

A haka Maman yara ta yi sallama. Duk Talata takan fito sayen zare, ta biyo ta kawo masa abincin rana. Ta tsaya a ƙofa da kula a hannu. Ba ta san kan kwamfuta ba, amma shekara da shekaru tana jin ana tsine wa wannan ɗan abin a kan tabarmar cin abinci.

Ta ce, "Baban yara, wannan ba na 'yan wanki ba ne?"

Bai juyo ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ba na gani, Maman yara."

"Na sani." Ta ajiye kular a kan wani mataccen akwati, ta jawo kujerar baƙi, ta gyara mayafi. "Matsa. Me zan karanta?"

Turancinta na makaranta ne, an daɗe da ajiye shi, amma idonta na allura ne. Ya ce kada ta karanta duka, ta dubi farkon kowane layi kawai, akwai haruffa biyu a cikin alamar baka, ta nemo inda aka sa E guda biyu, alamar matsala ke nan. Ta ɗora yatsa a gilashin tana gangarawa, shi kuma yana danna maɓalli idan ta ce ta kai ƙasa.

"Ga W biyu."

"Gargaɗi ne kawai. Wuce."

"Ga wasu kuma. Wannan kwamfutar ta fi ka mita."

"Wuce, na ce."

A shafi na huɗu ta ce, "Tsaya. Ga su." Ta karanta a hankali, inda kalma ta gagare ta sai ta bi ta harafi-harafi. Injiniya ya rufe ido yana saurare, ya ce ta maimaita, ta maimaita. Sai ga shi ya gyara zama, muryarsa ta dawo irin ta shago. Ya ce kowane katin hoto yana da ɗan shirin da ke tafiyar da shi, masu sana'a suna ce masa direba. Kwamfutar ta ɗauko direban tsohon katin, shi kuma ya duba bai ga katinsa ba, sai ta ce ita ba ta ga allo ba, ta zauna.

Maman yara ta ce, "To me ya hana ta ɗauko na sabon?"

"Tambayar ke nan. Da kanta take nemowa, sai dai idan wani mai kaudi ya rubuta mata umarni ya ɗaure ta. Koma sama, nemo inda ta ce daga fayil kaza ta karɓi umarni."

Ta nemo. Ya buɗe fayil ɗin da yatsunsa. Ta matso da fuska, sai ya ji kujerar tana girgiza. Dariya take yi.

"Mene ne?"

"Layin farko ai ba Turanci ba ne. An rubuta, 'Na sa wannan don katin dogon banza ya daina rawa. Kada a taɓa.' Ga kwanan wata, shekara shida ke nan. Injiniya, ko ka san mai kaudin?"

Ya tuna. Tsohon katin ya taɓa yin wata cuta ta girgiza hoto, shi kuma ya zauna ya rubuta wa kwamfutar cewa wannan direban za ta riƙa ɗauka, ba wani ba. Ta yi masa biyayya shekara shida, har yau da katin ba ya nan. Ya ji dariya da kuka sun taso masa tare, ya haɗiye su.

Ta ce, "Sai a goge shi?"

"Ba a gogewa. Suna za mu canza masa, ta neme shi ta rasa, ta yi tunani da kanta. Zan rubuta, ke ki duba."

Ya rubuta. Hannunsa ya kai kan maɓallin ƙarshe, ta riƙe masa wuyan hannu. "Tsaya. A sama harafi ɗaya ne a nan, kai ka sa biyu." Ya gyara, ta sake bi da yatsa, ta ce yanzu sun yi daidai. Kafin ya sake kunnawa ta miƙa hannu ta zare filashin daga raminsa, ta jefa a jakarta cikin zarurruka.

Fanka, kuka guda, farin rubutu, sannan duhu. Duhun nan Injiniya ya san tsawonsa, ya jira shi sau dubbai, amma bai taɓa jin ya yi masa tsawo kamar na ranar ba. Sai wani haske mai launi ya bazu a gabansa.

"Me ya fito?"

"Mai Hoto ne da kansa, haƙora duk a waje."

"A gefen hagu fa? Jakunkunan hotuna?"

Ta ƙirga masa su, ta karanta sunayensu. Ta makarantar tana nan, ta buɗe, yara ne reras da hulunansu. Injiniya ya jingina da bango ya sauke numfashi, ta buɗe kular ta sa masa cokali a hannu.

Bayan la'asar Mai Hoto ya dawo, ya buga kai, ya ga haƙoransa a allo, ya rungumo Injiniya har ƙafafunsa suka kusa barin ƙasa. Injiniya ya ce ya sauke shi, ba shi ya yi aikin ba, ga wadda ta yi. Sannan ya faɗa masa komai, har da filashin. Ya zaci zai ji ciwo, amma Mai Hoto sai ya zauna a kan akwati ya ce, "Ai na daɗe da sani. Tun ranar da na ɗaga maka hannu daga tsallake da doguwar rigar nan tawa, ka ce min sannu baiwar Allah." Ya tashi ya juyo da allunan lungu, ya jona su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya kama tar. Ya ɓare salatif ɗin duka biyar ya manna a gaban rigar Injiniya, ya ce ga mai shi nan. Daga nan ya ce yayarsa ma haka ta yi, ashe yanar ido ce, aka cire mata, yanzu har tsintar tsakuwa take yi a shinkafa.

Injiniya ya ce, "Idan ba yana ba ce fa? Idan irin ta mahaifina ce?"

Maman yara ta ce, "To sai mu sani. Idan ma ita ce, kujerar nan da ta ɗauke ni yau za ta ɗauke ni gobe. Ka fitar da bayin Allahn nan da ka yi wa ƙage, keken ɗinkina zai shiga lungun. Kai ka saurara, ni in karanta. Babu wanda zai zaunar min da kai a ƙofar gida."

Ranar Alhamis suka je asibitin ido. Likitar, wata mata mai sanyin murya, ta haska masa fitila ta ce, "Baba, yaushe abin ya fara?" Ya ce ai kwanan nan ne, 'yan makonni. Ta sake tambaya, ya ce wataƙila wata biyu. Maman yara ta ce shekara ɗaya da rabi, da ƙwan fitila uku da allo biyar. Likita ta ce yana ce a duka idanun. Na hagu tana da kyakkyawan zato a kansa. Na dama akwai wani abu a bayan yanar, ba za ta yi alkawari ba sai an cire an gani. Aka sa rana, za a fara da na hagu.

Mutumin da ke cusa hannu cikin akwatin lantarki ko gezau, ranar aikin nan riƙe yake da gefen mayafin matarsa har ƙofar ɗakin, sai da nas ta ɓanɓare yatsunsa. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Ya kwana da bandeji, ko mitar kamfanoni bai yi ba.

Washegari da safe aka zaunar da shi, nas ta ware bandejin a hankali. Haske ya soke shi, ya runtse, ya sake buɗewa. Abin da ya fara gani layukan da ke tsakanin tayil ɗin ƙasa ne, siraran nan, kowanne a miƙe. Sai agogon hannun nas, da tsinken daƙiƙa yana tafiya. Sai ya ɗaga kai.

Maman yara tana tsaye a gabansa, ta ƙanƙame jakarta da hannu biyu. Ya daɗe yana kallonta. Ta rame. Akwai layuka a gefen idanunta da bai san da su ba, kuma a bakin ɗankwalinta gashin da ya leƙo fari ne fat. Duk wannan ya faru ne a gabansa, a falo ɗaya, a ƙarƙashin fitilar da ta fi ta kowa haske a unguwar. Tausayinta da sonta suka cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa su.

Ya ce, "Maman yara, yaushe kika yi furfura haka?"

Ta yi dariya, hawaye na gangaro mata. "Ta fi shekara. Ina ta jira ka gani ka yi min tsiya, shiru."

Nas ta ce za ta ɗiga masa magani, ya ɗaga kai sama. Ya ɗaga mata hannu ya ce ta ɗan dakata masa, 'yata, minti ɗaya. Sannan ya ce wa matarsa, "Matso kusa. Ban gama gani ba."